Yini Ɗaya a Danang: Kada Ɗan Jagora Ya Riƙe Mana Alƙalami



Akwai wani ciwo da ya daɗe yana cin labaran tafiya da muke rubutawa, sunansa "daga nan sai". Daga nan sai aka kai mu wuri kaza, daga nan sai muka ci abinci, daga nan sai aka mayar da mu masauki. Mai karatu zai gama shafi huɗu ya san duk inda mota ta tsaya, amma bai san garin ba. A ganinmu tushen ciwon shi ne muna karɓar labarin da wani ya riga ya tsara, mu sa masa rigar Hausa, mu rattaba sunanmu a ƙasa. Bari mu ɗauko misali daga nesa, inda babu wanda zai ce an taɓa garinsu: Danang, birnin da ke bakin teku a tsakiyar ƙasar Biyetnam, da zagayen yini ɗaya da kamfanonin yawon buɗe ido ke sayar wa baƙi a can.

Tsarin zagayen kusan iri ɗaya ne a ko'ina aka saye shi. Mota ta ɗauki baƙi a ƙofar otal da safe, a nufi duwatsu biyar da ke kudancin gari, a ɗan tsaya shagon masu sassaƙa, a ci abincin rana, a leƙa gidan tarihi da kasuwar Han da wata tsohuwar coci, a wuce ta kan gada, a ƙare a kan tudun Son Tra kafin rana ta faɗi. Wannan jeri rubutu ne, kuma yana da marubuci. Wani ne ya zauna ya zaɓi abin da za a fara da shi, da inda za a daɗe, da inda za a wuce ba a tsaya ba, kamar dai yadda muke yi wa babi-babi na littafi. Bambancin kawai shi ne nasa ma'aunin daban ne: inda mota za ta samu wurin tsayawa, inda hoto zai yi kyau, inda baƙo zai ciro kuɗi. Idan muka bi jerinsa tiryan-tiryan a rubutunmu, to ma'auninsa muka ɗauka ba tare da mun sani ba.

Mu fara da duwatsun. Sunansu Ngu Hanh Son, wato duwatsun abubuwa biyar: ƙarfe, ruwa, itace, wuta da ƙasa, kowane dutse da sunan ɗaya. Wanda ake hawa shi ne na ruwa, ko dai ta matakala 156 da aka sara a jikin dutse, ko ta na'urar ɗaga mutane da aka kafa a gefensa. A sama akwai ɗakunan bautar mabiya addinin Budda da koguna, mafi shahara a ciki shi ne kogon Huyen Khong, inda haske ke zubowa ta ramukan rufinsa ya ratsa hayaƙin turare. Nan ne kowa ke ɗaga waya. Ɗan jagora yakan faɗa, a jimla ɗaya, cewa a lokacin yaƙi mayaƙan Biyet Kong sun mayar da kogon asibiti, sannan ya ce a matso gaba saboda wata tawagar na tafe.

To, a nan ne marubuci ya kamata ya ƙi matsawa, ko da a zuci ne. A gindin waɗannan duwatsu sojojin Amurka suna da sansanin jirage masu saukar ungulu, kuma ga bakin tekun da suke zuwa hutawa nan kusa. Ke nan masu rauni na kwance a cikin dutse suna jin ƙarar jiragen waɗanda suka raunata su. Wannan jimla ɗaya da aka yi mata kallon hadarin kaji ta fi duk abin da za mu faɗa a kan kyawun haske nauyi. Shi hasken, dubban mutane sun ɗauki hotonsa, kuma hotonsu ya fi bayaninmu.

A ƙasan duwatsun akwai unguwar Non Nuoc, ta masu sassaƙa farin dutsen nan da muke kira mabul, sana'ar da suka gada shekaru ɗaruruwa. Mota na tsayawa a ɗaya daga cikin shagunan, kuma duk wanda ya san harkar yawon buɗe ido ya san ba don Allah kawai ake irin wannan tsayawa ba. Ba laifi ba ne, kowa da hanyar cin abincinsa. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne hukuma ta hana fasa duwatsun, don da an ci gaba da tuni an sassaƙe su an sayar. Dutsen da ake sassaƙawa yanzu daga wasu wurare ake kawo shi. Baƙo ya sayi ɗan zaki yana murna ya tafi gida da ɓallin dutsen da ya hau, alhali shi ma zakin baƙo ne a garin. Ga gajeren labari a kwance, babu mai shi.

Gidan tarihin sassaƙe-sassaƙen Cam shi ne wurin da aka fi zalunta a wannan jeri, domin yawanci bayan cin abinci ake zuwa, ciki ya yi nauyi, rana ta take. Faransawa ne suka fara gina shi a 1915, aka buɗe a 1919, kuma sunan masanin kayan tarihi Henri Parmentier na manne da shi. A ciki akwai sassaƙen duwatsu na daular Campa, wadda ta mulki wannan gaɓar teku shekaru ɗaruruwa kafin Biyetnamawa su gangaro daga arewa. Mutanenta sun bi addinin Hindu, wasu lokutan na Budda, shi ya sa za a ga gumakan Shiba da masu rawa da giwaye. A 1471 sarkin Biyetnam Le Thanh Tong ya ci babban birninsu Bijaya, daga nan daular ta yi ta ƙanƙancewa, har sarki Minh Mang ya haɗiye ragowarta a 1832. Shi dai wannan Minh Mang shi ne ya raɗa wa duwatsun da aka hau da safe sunan da suke amsawa yau. Zagayen ya kai baƙo wurare biyun, amma ba aikinsa ba ne ya ƙulla su. Aikinmu ne.

Akwai kuma abin da ya shafi mai karatunmu kai tsaye. 'Yan kasuwar Larabawa na da sun san wannan ƙasa, suna kiran ta Sanf, suna zuwa neman itacen al'ud, wanda har gobe sunansa ke bakin masu haɗa turaren wuta. Kuma mutanen Cam ba su ƙare ba. Suna nan a kudancin Biyetnam da Kambodiya, da yawansu Musulmi ne. Bahaushen da ya shiga wannan gida ya fito ya rubuta "mun ga gumaka kala-kala" ya bar nama ya kama romo. Tambayar yadda jikokin masu sassaƙa Shiba suka zama masu fuskantar alƙibla ta isa ta riƙe maƙala sukutum.

Cocin kuwa mai launin hoda ce, Faransawa suka gina a 1923, da siffar zakara a ƙololuwarta, har mutanen gari ke ce mata cocin zakara. Minti kaɗan ake yi a wurin, kuma ya ishe ta. Sai dai a riƙe cewa a wannan gari, da Faransawa ke kira Turan, jiragen ruwansu suka kai hari a 1858, farkon abin da ya zama mulkin mallakar ƙasar baki ɗaya.

Da yamma a hau Son Tra, wani zirin tudu da ya kutsa cikin teku, inda farin gunki mai siffar mace, tsayinsa mita 67, ke tsaye yana kallon ruwa. An kammala shi a 2010. Duk ɗan jagora zai faɗi mita 67 ɗin, mu ma sai mu kwafa, kamar tsayin ne labarin. Amma me ya sa ruwa yake kallo? Domin wannan gaɓa ce da guguwar teku ke dukanta daga wajen Satumba zuwa ƙarshen shekara, irin wadda ta yi wa birnin kaca-kaca a Oktoban 2006, kuma masunta sun yi imani gunkin na tsare su. Ba sai mun yarda da imaninsu ba kafin mu gane tsoron da ya haife shi. Matar da mijinta ya fita da kwale-kwale sama ta haɗe, ita ce mutumin da ke cikin wannan wuri, ita kuma ba ta cikin takardar kamfani.

Sai wuraren da motar ba ta zuwa sam. A arewacin gari akwai bakin tekun da sojojin ruwan Amurka kimanin 3,500 suka sauka ranar 8 ga Maris 1965, rundunar yaƙi ta ƙasa ta farko da Amurka ta tura Biyetnam. Filin jirgin saman da baƙo ya sauka a cikinsa kuwa, a nan aka riƙa tara maganin kashe ganyen daji da ake kira Agent Orange, wanda ya bar guba mai suna dayokzin a ƙasa. Sai daga 2012 zuwa 2018 gwamnatocin ƙasashen biyu suka yi aikin tsaftace wurin, ta hanyar tara ƙasar a dafa ta da zafi mai tsanani, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 110. Baƙo ya taka wannan fili da ƙafarsa tun kafin ya ga ɗan jagora.

Mun san abin da wasu za su ce: to ai sai marubuci ya guje wa zagayen, ya ɗauki jakarsa ya shiga gari shi kaɗai. Ba mu yarda ba. Harshen Biyetnam na da karin sauti har shida, mu da muke da namu karin mun san yadda ɗan kuskure ke mayar da kalma wata daban. Wanda ke da yini ɗaya, ba ya jin harshen, bai san hanya ba, idan ya raina ɗan jagora zai ƙare a zaune a shagon shayi yana kallon babura. Kuma kada mu manta, littafin Abubakar Imam, Tafiya Mabuɗin Ilmi, daga irin wannan tafiya ya fito: a 1943 aka gayyaci 'yan jaridar Afirka ta Yamma zuwa Ingila, masu masauki ne suka tsara inda za a kai su. Tafiyar da aka tsara ba ta hana rubutu. Ɗan jagora ma taska ne ga wanda ya iya tambaya. A lokacin cin abinci, in ya ajiye tutarsa, a tambaye shi inda kakarsa take a 1975, ko nawa ne kuɗin hayar ɗaki a unguwarsu. Abin da zai faɗa a nan bai haddace shi ba.

Wani tarkon kuma yana ɗaya gefen, kuma masu ɗan karatu a cikinmu ya fi kamawa. Shi ne mutum ya je Danang da yaƙi a cikin kansa, ya ƙi ganin komai sai yaƙi. Mafi yawan mutanen ƙasar bayan 1975 aka haife su. Birni na da haƙƙin ya nuna wa baƙo fuskar da yake so, kuma mu da kullum ake ba da labarin yankinmu da bala'i kawai, mun fi kowa sanin ɗacin hakan. Don haka ba cewa muke a cire taliyar mi kuwang da ake ci da rana a sa kabari a wurinta ba. Muna cewa ne zaɓin ya zama namu. Idan taliyar ce ta riƙe mu, faffaɗa, da ɗan romo kaɗan a ƙasan kwano da gyaɗa a sama, to a ba ta shafi biyu, a faɗi yadda Musulmi ya yi fama da tambayar ko akwai naman alade a ciki, a bar gunki da layi ɗaya.

Dabara ɗaya da muke ganin tana aiki: a rubuta a littafin aljihu minti nawa aka yi a kowane wuri. Idan aka dawo masauki aka ga shagon sassaƙa ya ci lokaci kusan daidai da gidan tarihi, an ga hannun wanda ya tsara yinin ke nan. Sannan a wargaza jerin. Babu dokar da ta ce labari sai ya fara da ƙarfe takwas na safe don mota a lokacin ta zo.

Gadar da ake wucewa ta kanta ita ce misali mafi kyau. Tsawonta mita 666 a kan kogin Han, an yi ta da siffar dodon nan mai jikin maciji na tatsuniyoyin Asiya, launin ruwan zinare. An buɗe ta ranar 29 ga Maris 2013, ranar da aka cika shekara 38 da shigar sojojin kwaminis birnin, kuma kamfanin Amurka ne ya zana ta. A ƙarshen mako, da ƙarfe 9 na dare, ana tsayar da motoci, dodon ya yi aman wuta, sannan ya fesa ruwa a kan 'yan kallo, yara na ihu iyaye na gudu da su. A wannan lokacin motar zagaye ta daɗe da sauke baƙinta a otal.