Shofo da injin tura ruwa: kada wankanmu ya bar maƙwabci da ƙishirwa



Da zarar hunturu ya kankama a Yamai, Disamba zuwa Janairu, sai kasuwar shofo ta buɗe. Wanda ake yayi yanzu shi ne ɗan ƙaramin nan marar tanki da ake maƙalawa a bangon banɗaki: ka murɗa pampo, ruwa ya bi ta cikinsa, ya fito da zafi nan take. Mai shago a Katako zai ce maka ba ya cin wuri, kuma ba ya shan wuta sai lokacin da ruwa ke zuba. Gaskiya ya faɗa, amma bai ƙarasa maganar ba.

Mu fara da wuta. Shofo mai tanki a hankali yake dafa ruwa. Marar tanki kuwa dole ya dafa shi cikin ƙiftawar ido, shi ya sa yake jan wuta kamar ba gobe. Don a ƙara wa lita 6 na ruwa zafin digiri 15 a cikin minti ɗaya, ana bukatar sama da kilowat 6, wato kusan amfiya 30 a wutarmu mai bolt 220. Kamar ka kunna kilima biyar ne a lokaci guda. To gida nawa ne a cikinmu kwantarsu ta NIGELEC za ta ɗauki wannan kaya? Mai kilowat 3 dai yana buɗe pampo wutar gidan za ta yanke. Idan kuma an ja masa siririyar waya irin ta kwan fitila, wayar ce za ta yi zafi a cikin bango.

Sai maganar ruwa, kuma a nan gizo ke saƙa. Wannan shofo ba ya tashi sai ruwa na gudu da ƙarfi. Mu kuwa mun san halin pamponmu: a unguwanni irin su Koira Tegui da Bobiel, lokacin zafi sai tsakar dare ake tarar ruwa. Sai mai gyaran pampo ya ce a sayo injin tura ruwa, wanda muke kira sirfiresa. Injin kansa ba shi da laifi, inda ake ɗaura shi ne matsalar. Da yawa suna haɗa shi kai tsaye bayan kwantar ruwa, yana zuƙo ruwa daga bututun NDE. Ruwan nan da aka tace a Goudel da Yantala na duk layin ne. Injin bai ƙara ko ɗigo ɗaya ba, rabon gidan da ke gaba ya janye. Kai kana wanka da ruwan ɗumi, matar maƙwabci na zaune da bido a gaban pampon da ke fitar da iska, ƙarshe sai ta kira ɗan garuwa. Ana cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a nan bakin wani ne ke ƙonewa.

Ba a nan ta tsaya ba. Idan inji ya zuƙi bututun da ba ruwa sosai a ciki, duk inda bututun ya tsage zai iya jawo ruwan ƙasa da na kwata, musamman da damina. Wannan ruwan shi ƴaƴanmu za su sha, har da na mai injin.

Ba muna cewa kada kowa ya saya ba. Mai jego, tsoho da jariri suna bukatar ruwan ɗumi, kuma dafa shi da itace ko gawayi ma ba araha ba ne. Amma a yi aikin a kan ƙa'ida. Ruwan NDE ya shiga tanki da ƙarfin kansa, injin ya ja daga tankin, a sa abin da ke hana ruwa komawa baya, da wanda ke kashe injin idan tanki ya ƙare. Shofon lantarki ya samu layinsa shi kaɗai da waya mai kauri, da wayar da ke shiga ƙasa, da makashin wuta mai yankewa da zarar wuta ta ɓalle. Mai aiki da gaz kuwa kada a kuskura a sa shi cikin banɗaki rufaffe. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana sumar da mutum har ta kai ga rasa rai. A waje ake ɗaura shi, da bututun fitar hayaƙi. Shi kuma injin da ke zagaya ruwan zafi cikin bututu don kada a jira, aikin manyan otel ne. A gidanmu sai dai ya riƙa tada shofon a banza.

Mu kuma tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da muke amfani da shi. Ranar da aka ɗauke wuta, shofo da inji tare suke mutuwa. Rana kuwa ba wanda ya isa ya yanke mana ita. Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ONERSOL tun daga 1969, kuma a nan Yamai aka riƙa ƙera na'urar dafa ruwa da hasken rana. Tanki a saman rufi da faranti mai kama rana, ba inji, ba takardar wuta. Ƙasar da ta kunna tashar rana mai megawat 30 a Gorou Banda a 2023 bai kamata ta manta da wannan gado ba.

Kiranmu ga ANERSOL shi ne ta taimaka wa matasa masu walda su koma ƙera shofon rana mai sauƙin kuɗi. NDE kuma ta fito ta yi wa jama'a bayani ƙarara a rediyo kan haɗa inji da bututunta. Mu kuma, kafin mu biya mai gyaran pampo kuɗin aikinsa, mu tambaye shi: daga ina injin nan zai ja ruwa?