Filin Mata: Wa Zai Duba Mu In Ba 'Ya'yanmu Ba?

Yau zancenmu a kan wani irin likita ne wanda mu mutanen Kura da Bunkure muka fi kowa bukatarsa, amma da wuya mu ke ganinsa, watau likitan cututtuka masu yaɗuwa. Ga abin da ya jawo zancen.

Akwai wata maƙwabciyata, ba zan faɗi sunanta ba, ta shekara huɗu tana fama da abin nan da mu ke kira sanyi: ciwon mara, da ƙaiƙayi, wani lokaci har da ɗan jini. Ba kemis ɗin da ba ta shiga ba. Ta sha kafso, ta sha jiƙo, an yi mata allurai, kwasar adashinta biyu duk a nan suka ƙare. Kunya kuwa ta hana ta buɗe baki ta gaya wa likita namiji dukan abin da ke damunta. Har magana ta fara shiga tsakaninta da maigidanta, shi yana zarginta, ita tana zarginsa. Da abin ya ci tura, sai ƙanenta ya kai ta wani asibitin kuɗi a birni, inda wani ƙwararre ya kan zo duba marasa lafiya da yamma. Ta ce da ni abin da ya ba ta mamaki, mutumin nan bai yi hanzarin rubuta magani ba, tambaya ya yi ta yi. Ina ki ke zaune? Ina ki ke wanki? Kina shiga ruwa dashen shinkafa? Sa'an nan ya sa aka duba fitsarinta da madubin likita, sai ga ƙwan tsargiya. Aka auna nauyinta, aka ba ta ƙwayar firazikwantel ta sha a yini ɗaya. Yau ta sami sauƙi ƙwarai, gidanta kuma ya zauna lafiya.

To, me ya sa ya gane abin da aka shekara huɗu ba a gane ba? Domin an koya masa ya tambayi inda mutum ya ke zaune kafin ya tambayi inda ke masa ciwo. Ku tuna, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa bai yanke mana ba rani da damina. Alherinsa kuwa ba ya ƙidayuwa: shinkafa, alkama, tumatir, albasa. Amma ruwan da ba ya yankewa gidan sauro ne, kuma gidan waɗansu ƙananan katantanwa ne. In mai tsargiya ya yi fitsari cikin magudanar ruwa, sai ƙwan su ƙyanƙyashe su shiga jikin katantanwar nan, su hayayyafa, su fito su huda fatar mai wanki ko mai wanka ba tare da ta ji ba. Mun saba cewa tsargiya ciwon yara maza ne masu fitsarin jini. A'a, tana kama mata, tana kuwa yi wa mahaifa ɓarna in ta daɗe. Ban ce kowane sanyi tsargiya ne ba, amma wadda ke shiga ruwan nan ya kamata ta nemi a gwada ta. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro, da amai da gudawa, da taifot. Ba mu manta da sanƙarau na 1996 ba, balle mashaƙon da ya cinye mana yara a Kano cikin 2023.

Yanzu bari in gaya muku yadda a ke zama irin wannan likita, don ku san ba allon da a ke kafawa a ƙofar shago ke mai da mutum ƙwararre ba. Da fari yarinya za ta gama sakandare da sakamako mai kyau a Turanci, da lissafi, da darussan kimiyya uku. Sa'an nan ta shiga jami'a, kamar Jami'ar Bayero, ta yi shekara 6, rabin ƙarshe tana bin manya gado gado a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In ta ci jarrabawa, sai ta yi shekara 1 ta sanin makamar aiki, hukumar likitoci ta ƙasa ta ba ta cikakken lasin, ta yi shekara 1 ta hidimar ƙasa. A nan ta zama likita, amma ba ta zama ƙwararriya ba tukuna. Sai ta sake cin wata jarrabawa ta koma asibitin koyarwa, ta yi kamar shekara 3 tana koyon cututtukan manya baki ɗaya, sa'an nan kamar shekara 3 kuma a kan cututtuka masu yaɗuwa kaɗai: tarin fuka, ƙanjamau, zazzaɓin Lassa, da ire-irensu. Masu yi mata jarrabawa su ne Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ikko, ko kuwa Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma. Ku haɗa lissafi, wajen shekara 14 ke nan, in ba a yi yajin aiki ba. Malamai kuwa ga su nan a gida, irin su Farfesa Abdurrazaƙ Habib na Jami'ar Bayero, wanda ya yi suna har ƙasashen waje a kan wannan fanni da kuma binciken maganin saran maciji.

In ta gama fa? Gaskiya yawancinsu a manyan asibitocin gwamnati su ke zama, waɗansu kuma su wuce Saudiyya ko Ingila inda albashi ya fi tsoka. Waɗansu su kan ɗan duba mutane a asibitin kuɗi bayan sun tashi aiki, kamar wanda ya duba maƙwabciyata. Wadda ta ce za ta buɗe nata na kanta, lalle ta ɗauko babban kaya. Sai ta yi rajista da hukumar jiha mai kula da asibitoci masu zaman kansu. Sai ta tanadi ɗakin gwaje-gwaje, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ɗakin keɓe mai cutar da ke yaɗuwa. Wajibi ne kuma in ta ga amai da gudawa ko mashaƙo ta sanar da hukumar lafiya nan da nan, ko da hakan zai kore mata masu zuwa. Abin da ya fi wuya kuwa, dole ta riƙa ce wa mutum ba ya bukatar allura alhali ya zo da kuɗinsa a hannu, gama ta san shan kafso barkatai shi ke sa cuta ta daina jin magani.

Kada ku raina aikin likitar asibitin kuɗi. Cikin watan Yuli na 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Ikko ba shi da lafiya, aka kai shi wani asibitin kuɗi. Babbar likitar wurin mace ce, Dakta Ameyo Adadevoh. Ko da ya ke ba wannan ne ainihin fanninta ba, ta yi zaton Ebola ce, ta sanar da hukuma, ta kuma ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata. Ta kamu da cutar, ta rasu ran 19 ga Agusta. Amma a duk Nijeriya mutum 20 kaɗai suka kamu, 8 suka rasu. Da ta bar shi ya fita ya shiga jama'a, Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya.

Na san abin da wata za ta ce: shekara 14, to yaushe za ta yi aure? 'Yar'uwa, aure ba ya hana karatun nan. Likitoci mata nawa ne a Kano da ke zuwa aiki daga ɗakunan mazajensu, da goyonsu? Abin da a ke bukata miji mai fahimta, da uwa wadda za ta riƙe jikoki ranar kwanan asibiti. Wata kuma ta ce ina kuɗin? Lalle da nauyi, ba zan ɓoye muku ba. Amma ku lissafa abin da mu ke zubarwa a kemis kowace shekara, da abin da mu ke kashewa a kayan ɗaki, ku gani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tanadin karatu tun yarinya tana firamare a ke fara shi.

Saboda haka ga roƙona. Wadda Allah ya ba ta 'ya mai kaifin kai, ta rage mata talla, ta bar mata lokacin duba littafi, ta je makaranta ta tambayi malamai yadda a ke shiga makarantar kimiyya ta 'yammata kamar ta Garko. Ku yi wa iyayensu maza magana da lalama, a lokacin da ransu ya ke sanyi. Kafin Allah ya nuna mana wannan rana kuwa, in za ku asibitin kuɗi ku tambayi wane ne likitan, ku nemi a yi gwaji kafin a ba da magani, ku kuma faɗi gaskiyar abin da ke damunku. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ina fatan ranar da matan Bunkure za su je Kura su tarar da 'yarsu zaune a nata asibitin, wadda ba sai ta tambayi inda mu ke wanki ba, don a nan ta girma.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.