Kada Kamfanin Sega Ya Ɓata Rawarsa Da Tsalle

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Agege ko Idi-Araba ta Ikko, ko Sabo ta Badun, wajen shekarun 1990, ba sai an yi masa dogon bayani a kan gidan gem ba. Ɗan shago ne da talabijin ɗaya ko biyu, da benci, da baƙin akwatin nan na Sega Mega Drive. Yaro ya biya 'yan canjinsa a miƙa masa hannu, shi da abokinsa su yi ta fama har a ɗauke wuta, ko a aiko daga gida a kira shi. Cikin wasannin wannan akwati akwai wani na dambe a titi mai suna Streets of Rage, wanda a ƙasar Japan ake kira Bare Knuckle.

Irin wasan nan ne mai tafiya ta gefe, watau mai wasa yana kallon mutuminsa daga gefe, yana tafiya daga hagu zuwa dama, 'yan daba suna ɓullowa yana dukansu. Maɓallai uku ne kurum. In ƙarfinsa ya ragu ya fasa kwandon shara ya sami tuffa ko gasasshiyar kaza. A na farko ma, in abu ya yi tsanani, sai ya kira motar 'yan sanda ta yi wa maƙiya ruwan wuta. Ba a bukatar malami, minti biyu ya isa baƙo ya gane.

Sega ya fito da na farko a 1991, na biyu a 1992, na uku a 1994. Daga nan sai shiru har shekara 26. Dalili kuwa shi ne akwatin PlayStation ya zo da wasanni masu zurfi, waɗanda ake kutsawa gaba a juya baya a waiwaya ko'ina, sai kamfanoni suka ɗauka wasan gefe ya zama tsohon yayi. Wani kamfani na Ingila, Core Design, ya so ya yi na huɗu a sabon salon, ba su daidaita da Sega ba, wasan ya fita da sunan Fighting Force a 1997. A 2001 Sega ya daina ƙera akwatuna gaba ɗaya. A 2008 ya gwada ta da wani tsohon wasansa, Golden Axe, a salo mai zurfi da sunan Beast Rider. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca.

Abin takaici ya faru a 2011. Waɗansu masoya wasan, masu kiran kansu Bomber Games, sun yi shekara takwas suna sake gina Streets of Rage da hannunsu, suka sake shi kyauta a watan Afrilu. Cikin 'yan kwanaki Sega ya sa aka cire shi. Lalle a shari'a kayansa ne, ba mai musu. Amma fa mutumin da ya bar gonarsa ta yi shekara goma sha bakwai ba noma, bai kamata ya yi saurin korar wanda ya zo ya share ta ba tare da neman ko kwabo ba.

Ga shi kuwa a ƙarshe masoyan ne dai suka fid da shi kunya. Ranar 30 ga Afrilu 2020 aka fito da Streets of Rage 4, aikin ƙananan kamfanoni uku, Dotemu da Lizardcube na Faransa da Guard Crush Games, bisa iznin Sega. Ba su sāke wa wasan kama ba. Tafiyar dai ta gefe ce. Sai suka zana kome da hannu, suka tsufar da Axel har ya tara gemu, suka kawo Cherry, 'yar Adam Hunter, don yaran yau su sami tasu. Suka gayyato Yuzo Koshiro, makaɗin wasannin farko, ya sa hannu a kiɗan. Suka gyara abu ɗaya da ke ba da haushi a da: babban duka yana cin ƙarfin mai wasa, amma yanzu in ya ci gaba da duka ba a taɓa shi ba, ƙarfin zai dawo. Daɗin daɗawa mutum huɗu suna iya zama a ɗaki ɗaya su yi tare. Kafin shekara ta zagayo an sayar da fiye da miliyan biyu da rabi.

To, a watan Disamba 2023 Sega ya ba da sanarwar zai ta da tsofaffin wasanninsa biyar, har da Streets of Rage. Ɗan hoton da aka nuna a ranar na salo mai zurfi ne, irin wanda Golden Axe ya faɗi a kansa. Nan ne gizo ke saƙa.

Masu kare kamfanin suna da hujja, bai kamata a raina ta ba. Sun ce wasan gefe ba kullum yake mai da kuɗi ba. A Janairu 2024 Ubisoft ya fito da Prince of Persia: The Lost Crown, aka yaba masa ƙwarai, amma kafin shekarar ta ƙare an rarraba ma'aikatan da suka yi shi zuwa waɗansu ayyuka. Gaskiya ne. Sai dai babban kamfani ne ya yi shi da babban buri, ya sa masa farashi kusan ninki biyu na Streets of Rage 4, wanda aka sayar dala 25. Wasan kunkurun ninja na Shredder's Revenge, da Dotemu ya fitar a 2022, shi ma na gefe ne, ya sayar da miliyan ɗaya a makon farko. Sega da kansa ya san haka, tun da Lizardcube ya ba aikin Shinobi, wanda ya fito a Agusta 2025 a salon gefe.

Akwai kuma batun wanda zai iya yin wasan. Wasa mai zurfi yana bukatar akwati mai tsada, ko kwamfuta mai ƙarfi, da wuta tsayayya. Streets of Rage 4 kuwa tun 2022 ya shiga wayar hannu. Ɗan kasuwar Mile 12 da ya buga na biyu yana ɗan shekara goma, yau yana iya miƙa wa ɗansa waya ya nuna masa inda kaza take ɓoye. In aka mai da wasan mai zurfi, uban zai zama baƙo a ciki, ɗan kuma yana da ɗaruruwan irinsa da suka riga shi kasuwa. Sega ya yi gwajinsa in ya ga dama, amma ya ba shi wani suna dabam, ya bar wa mutanen da suka yi na huɗu su yi na biyar.