Gwamna a Idon Manomi

Tun daga zamanin Gwamna Lugga har zuwa 1962, lokacin da Sir Kashim Ibrahim ya zama ɗan ƙasa na farko bisa kujerar gwamnan Arewa, manomin Bichi ko Dambatta bai san wannan ofis ba face ta hannun hakimi da dagaci. Sai da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsun ruwa, daga bisani Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, kana talaka ya sakankance maslaharsa tana cikin amanar gwamna. A ganina aikin Rimi ya fi ratsa karkara, domin a da, magidanci yakan sayar da akuya ko damin gero kafin ya biya haraji.