Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Ƙananan Hukumomin Kankiya Da Kusada: Kada Safiyo Ya Shiga Gona Shi Kaɗai

 

Kaka ta wuce, an kwashe gero da dawa, gonaki sun yi fili. Yanzu ne lokacin rabon gado da cinikin gona da yankan fuloti, yanzu ne kuma 'yan uwa ke daina gaisawa. Shi ya sa nake rubuto muku daga Boko a kan mutumin da aka fi jibga wa laifi in rigima ta tashi, wato safiyo.

Aikin safiyo awo ne. A nuna masa iyaka, ya auna, ya kafa dutsen siminti a kowace kusurwa, ya zana taswira ya sa hannu. Tantance mai gona aikin shaidu ne da alƙali. To amma wanda ya ɗauko shi yakan tsaya a kansa yana cewa, "Ƙara turo dutsen nan gaba, ai da can gambar ba a nan take ba." In ya ƙi, a ce masa, "Ni na biya ka." In ya bi, ranar da aka yi ruwan shuka maƙwabci ya tarar da dutse tsakiyar kunyoyinsa, ya tumɓuke shi, daga nan sai ofishin 'yan sanda.

Safiyon da ya zo daga Katsina bai san komai ba game da iyakokinmu. Layin gamba ne, ko shingen bini-da-zugu, ko wani tsohon gawo, sai abin da dattawa suka riƙe a ka. Ita gamba ana iya cire ta a dasa a wani wuri cikin dare ɗaya, garmar shanu kuma tana cin kunya guda kowace damina ba wanda ya lura. Haka burtali yake ƙanƙancewa har shanu su rasa ta inda za su bi.

Maganar taku ce, domin dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka ta gargajiya a karkara, ta kuma tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma. Ina roƙonku ku zauna da hakimai da dagatai ku tsayar da ƙa'ida ɗaya: ba a awon gona sai ga mai unguwa, ga duk maƙwabtan da aka haɗa iyaka da su, kuma kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a nan wurin. In gonar gado ce, a ga takardar rabo daga kotu tukuna, a kuma ji ta bakin mata, domin kasonsu aka fi haɗiyewa, musamman waɗanda aure ya kai wani gari.

A riƙa tambayar asalin riƙo. Gonaki da yawa aro ne ko jingina tun zamanin kakanni, waɗanda suka shaida kuwa sun rasu. Alƙalanmu suna aiki da hukuncin hauzi na mazhabar Malikiyya: wanda ya ga bare yana noma gonarsa shekara 10 ya yi shiru ba uzuri, da wuya a saurare shi. Amma hauzi ba ya hawa kan aro da jingina. Wannan bincike ya fi ƙarfin na'urar awo, kuma zalunci ne a bar safiyo ya yanke shi a bakin gona, mai kuɗi na tsaye a kansa.

Akwai kuma 'yan buga-buga masu yawo da waya suna kiran kansu safiyo, galibi dillalai ne ke kawo su. Tun 1989 akwai hukumar SURCON mai yi wa masu wannan sana'a rajista. Ku nemi sunayen masu rajista daga ofishin babban safiyo na jiha, a manna a sakatariya da ƙofar kowane hakimi.

Filayen da ke bakin titin Kano zuwa Katsina sun yi daraja, gonakin gefen Kankiya suna komawa fulotai, ga hukumar KATGIS tana shigar da takardun filaye cikin kwamfuta. Awon da aka yi bisa ƙarya, in ya shiga can, talaka ba shi da kuɗin lauyan da zai fitar da shi. Don haka ku buɗe littafi a sashen filaye na kowace sakatariya, a riƙa ajiye kwafin duk awon da aka yi tare da sunayen shaidunsa, kuma a fara kafin ruwan bana ya sauka.

 

Naku,
Wani manomi daga Boko, Kusada