Mai shirin taka hamada da jaka a baya ya fara da lissafin ruwa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne zafi ke lafawa a arewacin Nijar, kuma a wannan tsakanin ne tafiyar ƙafa a duwatsun Azbin da gefen hamadar Tenere ke yiwuwa ga baƙo. Hotunan tudun yashi da lambunan Timiya da ke yawo a Facebook sun isa su sa matashin Kano ko Damagaram ya sayi jakar goyo ya nufi Agadas. Sha'awar ba laifi ba ce, don wuri ne da UNESCO ta sa cikin kayan tarihi na duniya tun 1991. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗan koyo ya fi damuwa da tanti da kyamara, alhali abin da zai yanke masa nisan tafiyarsa ruwa ne.

Lissafin ba shi da wuya. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Mai tafiya da kaya cikin rana na iya zubar da gumi har lita guda a awa ɗaya, kuma da yake iskar hamada busasshiya ce, gumin na bushewa kafin ya gan shi, sai ya ɗauka bai yi asarar komai ba. Ko da sanyi, lita 4 zuwa 6 a yini ba almubazzaranci ba ne. Ke nan ruwan kwana uku kaɗai ya kai kilo 15. Ana kuma shawartar mai goyo kada kayansa su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa, wato kilo 14 ga mai kilo 70. Ruwa ya cinye kason tun kafin a saka bargo, dabino ko tocila.

Shi ya sa tafiyar farko bai kamata ta wuce kwana biyu ko uku ba, kuma a tsara ta daga rijiya zuwa rijiya, ko a yi hayar raƙumi ya ɗauki jarkoki. Ba ragwanci ba ne. Ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma shekaru aru-aru raƙuma ne ke ɗaukar masa salka, kuma madugu ne ke cewa ga inda za a kwana. Idan 'yan gida na yin haka, baƙon da ya dogara da taswirar wayarsa yana wasa da ransa. Taswira za ta nuna rijiya, ba za ta faɗi ko ta ƙafe bana ba. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara, a arewacin Arlit bayan motocinsu sun lalace. 'Yan ci-rani ne, ba 'yan yawon buɗe ido ba, amma ƙishirwa ba ta tambayar dalilin tafiya.

Shi ma jiki sai an hore shi, aƙalla wata biyu kafin tashi. A fara da tafiyar awa ɗaya da jaka mai kilo biyar, ana ƙara nauyi da nisa kowane mako, a kuma nemi bakin kogi mai yashi, domin yashi na cin ƙarfin ƙafa fiye da kwalta nesa ba kusa ba. Sabo da aiki cikin zafi na ɗaukar jiki kwana 10 zuwa 14, don haka wanda ya saba da ofis mai sanyi kada ya ruɗu da cewa an haife shi a ƙasar rana. Takalmin da za a tafi da shi a sa shi tun wurin atisaye. Sabon takalmi bororo yake kawowa a yinin farko. Mai hawan jini, ciwon sukari ko na ƙoda ya ga likita tukuna.

Gumi na fita da gishiri, kuma ɗura ruwa zalla ba tare da cin komai ba na iya kawo jiri da ruɗewa. Kilishi, gyaɗa da ƙullin gishiri da sukari na ORS suna maganin wannan. A yi sammako, a fake daga hantsi zuwa la'asar. Rawani da riga mai dogon hannu sun fi singileti. Dare kuwa, a Disamba da Janairu sanyin kan duwatsu na kusantar daskarar da ruwa. A kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama.

Sai batun tsaro, wanda ba a yi masa gaggawa. Arewacin Nijar na fama da 'yan fashi da masu garkuwa da mutane, kuma ƙa'idojin fita daga Agadas na sauyawa. Kafin a biya kuɗin mota a tuntuɓi hukuma, a ɗauki jagora ɗan yankin mai wayar Thuraya, domin layin salula na ɗaukewa da zarar an bar gari. A bar wa wani a gida sunan hanya da ranar dawowa, da lambar da zai kira idan ranar ta wuce. Idan hukuma ta ce hanya ba ta da kyau bana, jakar ta jira baɗi.