A Yi Hattara Da Masu Gyaran Haƙori Na Kasuwa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja kunnen 'yan'uwana mutanen karkara game da abin da ya same ni.

Ni manomi ne, da rani kuma ina kasa kayan koli a kasuwar Shuwarin. Ina da 'ya budurwa wadda in ta yi dariya dasashinta na sama yakan fito fili. Haka Allah Ya halicce ta, kuma bai taɓa yi mata ciwo ba. Da aka sa ranar aurenta sai ƙawaye suka dame ta da tsiya, har ta koma rufe baki da mayafi. Ba da sanina ba suka kai ta wurin wani mai sa haƙorin Makka a kasuwa, ya sa reza wai zai rage mata naman. Kafin kwana 3 baki ya kumbura, ba ci ba sha, ga zazzaɓi. Sai da na sayar da buhun riɗi 2 na kai ta asibiti a Dutse, biki kuma aka ɗaga. Garin neman gira mun kusa rasa ido.

Likitan haƙori ya yi mini bayanin da nake so kowa ya ji. Ya ce fitowar dasashi iri-iri ce. Wani leɓensa na sama ne gajere ko yake ɗagawa da yawa, wani naman ne ya rufe haƙoran, wani kuma ƙashin muƙamuƙinsa na sama ne ya yi tsawo. Akwai kuma kumburi, wanda dattin haƙori ko juna biyu ko wasu magungunan farfaɗiya da na hawan jini ke kawowa. Saboda haka maganin ma ba ɗaya ba ne. Wani wankin haƙori kawai yake bukata. Wani a kashe wurin da allura a rage naman. Mai matsalar leɓe akwai allurar Botox, amma wata 3 zuwa 6 take yi sai a sake. Mai matsalar ƙashi kuwa sai babbar tiyata. To, jama'a, mai reza a gindin bishiya ta yaya zai bambance waɗannan?

Haka masu zuwa a goge musu haƙori don a yi wushirya. Haƙori ba farce ba ne, abin da aka goge ba ya tsirowa. Ga shi kuma ƙarfen da aka sa a bakin wannan shi za a sa a bakin wancan, alhali ta jini ake ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau.

Wanda abin ya dama, ga asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ga na tarayya a Birnin Kudu, ga na Malam Aminu Kano a Kano. Kuɗin mota bai kai kuɗin jinya ba.

Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa da hakimai da sarakunan kasuwa su sa ido a kan masu wannan sana'a. Ku kuma 'yan mata, ku daina yi wa juna gorin halitta. 'Yata ta warke, amma tabon yana nan.

Allah Ya sa a gyara, amin.

Naku,
Wani manomi,
Ƙaramar Hukumar Dutse, Jihar Jigawa.